Azarar da Jalo Ya Rina

Ranar da soron Malam Zailani ya rufta, Mariyamu tana gindin murhu tana dama wa surukarta kunu. Hantsi ne, a ƙarshen daminar 1954, ruwa ya ɗauke ke nan, sai ga maƙwabciyarsu Talatu ta faɗo gidan ko sallama babu, ta ce mata ta yi maza ta nufi Limancin Kona, ga mijinta can ana neman kashe shi. Ta saki ludayi cikin ƙwarya, ta fita ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Tun daga Ƙofar Jatau take gudu cikin taɓo, ga ciki wata uku, tana faɗuwa tana tashi, bakinta ba ya faɗin komai sai "Ya Ubangiji... ya Ubangiji..."

Abin da ta tarar ya fi abin da aka gaya mata. Sabon soron da mijinta Dogara da wansa Jalo suka gina wa Malam Zailani a ranin da ya wuce ya zama tulin jar ƙasa. A gefe an shimfiɗe gawar Ummukulsum, 'yar autar Malam, yarinya 'yar shekara tara da ta shiga shara rufin ya sauko mata. Dogara kuwa yana kwance cikin kwata, ƙafarsa ta hagu ta karye har ƙashi ya leƙo. Gyaran indararo ya zo yi, da ya ji ƙara ya afka ciki don ya ɗauko yarinyar, ragowar rufin ya same shi. Amma babu wanda ya tuna da wannan, domin Jalo yana tsaye bisa tulin ƙasa yana yayyaga rigarsa, yana kuka da muryar da ake ji har masallaci.

"Jama'a ku yafe mini, ni na kawo shi aikin nan," in ji Jalo. "Ƙanena ne uba ɗaya, amma gaskiya ta fi jini. Wata Asabar ya bar ɗaurin azara rabi da rabi, ya shafe da yaɓe don kada in gani, ya gudu Wusasa wai zai kwana kusa da majami'arsu. Azarata kowa ya san ta a birnin nan. Hannunsa ne ya kashe yarinyar nan."

Bai rufe baki ba mutane suka rufe Dogara. Mai sanda na bugu, mai dutse na jifa, wani ƙato ya taka karyayyar ƙafar da dunduniya har Dogara ya yi wata ƙara irin ta rago a hannun mahauci. Mariyamu ta kutsa ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta, tana roƙonsu don girman Allah su saurare shi. Wani dutse ya fasa mata gira, jini ya rufe mata ido, wani ya fizge mata ɗankwali ya ja ta da gashi cikin taɓo. Ba don 'yan doka sun iso ba, da gawa uku za a ɗauka a Limancin Kona a ranar.

Jalo irin mutanen nan ne da in sun ce maka gari ya waye sai ka leƙa waje ka tabbatar. Shi ne babba a gidan magina na Ƙofar Jatau tun rasuwar ubansu, amma hannun ƙanensa ya fi nasa, kuma ya sani. Dogara tun yana ƙarami aka kai shi asibitin mishan na Wusasa maganin gyambo, ya girma a can, ya zama Kirista, sannan ya dawo ya kama sana'ar ubansa. In ya ɗaura bakan gizo a soro, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, sai tsofaffi su tsaya suna kallo suna girgiza kai. Masu gidaje suka fara cewa, "Jalo, in za ka zo ka taho da ƙanen nan naka." Wannan magana ita ce ta riƙa cin Jalo kamar gara. Mariyamu kuwa marainiya ce, 'yar wani malamin majami'a, abin da ya bar mata duk duniya Littafi Mai Tsarki ne wanda bangonsa ya soma ɓarewa. Ta biyo mijinta cikin birni ne saboda uwarsa Hajo, tsohuwa makauniya da ba ta da mai kama mata hannu.

A gaban alƙali magana ba ta daɗe ba. Jalo ya rantse. Abokinsa Ƙasimu marini ya ba da shaida cewa da idonsa ya ga Dogara ya sauko daga gini tun kafin azahar ran Asabar ɗin ya kama hanyar Wusasa. Da aka nemi karyayyun azara a duba, sai aka tarar Jalo ya kwashe su tun ranar ya ƙone, wai tausayi ne ya sa, kada Malam ya riƙa ganin abin da ya kashe 'yarsa. Har yaba masa aka yi. Aka yanke wa Dogara shekara bakwai a gidan yari da bulala, aka kwantar da shi da karyayyar ƙafa aka tsula masa a gaban jama'a, Mariyamu tana tsaye tana ji kamar a bayanta suke sauka. Da za a wuce da shi, bai ce mata ta roƙar masa kowa ba. Abin da ya ce kawai, "Mariyamu, ki riƙe mini Inna."

Ta riƙe ta kuwa, iyakar ƙarfinta. Jalo ya fitar da su daga ɗakinsu ya mai da su rumfar awaki, ya hana Mariyamu taɓa gugan rijiyar gidan. In ta fita, mata su tofar da yawu, a bi ta da "matar mai kisa". Dakau take yi a gidajen da suka yarda ta shiga, ta samo tsaki ta dama wa Hajo, ta ɗebi ragowar ta kai wa Dogara ranar da ake barin ziyara. Ƙafarsa ta ƙi warkewa, ta kumbura tana wari, ga tari ya kama shi. Duk zuwa sai ta tarar ya ragu. Mai gadin ƙofa ma ya gaya mata a ɓoye, cewa in ba an fitar da mutumin nan ba, ba shekara bakwai ba, ko biyu ba zai ga ƙarshensu ba.

Wata safiya cikin tsananin ɗari, Hajo tana makyarkyata, Mariyamu ta zagaya kangon bayan gida neman itacen da za ta hura mata wuta. Ta tarar da tulin azara an rufe da zana, ragowar waɗanda aka yi aikin Malam Zailani da su. Ta taka ɗaya don ta ɓantari ɗan tsinke, sai ta ji ƙas, azara ta karye biyu kamar karan dawa. Ta tsaya cak. Matar magini ce, ta sha jin Dogara yana faɗa: azarar kirki daga tsohon namijin giginya ake tsaga ta, baƙa ce ciki da waje, nauyi gare ta kamar ƙarfe, gara ma tsoronta take. Wannan kuwa bayanta ne kawai baƙi, cikinta fari fat, laushi kamar dafaffen rogo. Ta duba tafin hannunta ta ga ya yi shuɗi. Nan take ta gane komai. Jalo ya karkatar da azarar kirki wani wuri, ya samo ɗanyar giginya, ya jiƙa ta cikin tsohuwar marinar Ƙasimu har ta sha baba ta yi baƙi. Mariyamu ta durƙusa cikin kangon ta rungume guntun itacen tana kuka, tana cewa, "Na gode, ya Ubangiji... ka ga hawayena."

Ta ɓoye guntun cikin mayafi ta tafi Limancin Kona, ta durƙusa a ƙofar zauren Malam Zailani tun hantsi har azahar kafin ya yarda ya dube ta. Tsohon ya rame, gemunsa ya yi fari cikin wata huɗu. Ya juya itacen a hannunsa, ya aika aka kira Jalo.

Jalo ya zo, ya dubi guntun, ya fashe da dariya. "Allah ya gafarta Malam, yanzu wannan 'yar mishan ce za ta koya mini azara? Ta je can wurinsu ta samo ɓawon giginya ta rina, don ta fitar da mijinta. To, ku shaida. Ragowar azarar nan tana gidana. Wallahi a ranin nan zan gina soro da ita a ƙofar gidana, in kwana ƙarƙashinsa ni da iyalina. In ta faɗi, ni na kashe Ummukulsum."

Malam Zailani ya miƙa wa Mariyamu guntun, ya ce, "Yarinya, tashi ki tafi. Mutum ba ya rantsuwa da kan 'ya'yansa a kan ƙarya. Kada ki sake tono mini kabarin 'yata."

Ba ta kai ga shiga rumfar awaki ba Jalo ya cim mata. Ya fizge guntun azarar ya rafka mata a baki, haƙora biyu suka zube. Ta faɗi, ya bi ta da shuri a baya, a haƙarƙari, a ciki, yana faɗin, "Ni za ki tona? A gidan ubana?" Hajo ta ji kukan surukarta, ta taso tana laluben iska, tana cewa, "Jalo, ka ji tsoron Allah, juna biyu gare ta... Jalo, ni na goya ka lokacin da uwarka ta rasu..." Ya hankaɗe ta da hannu ɗaya, ta tafi da baya, ƙeyarta ta daki bakin turmi. Talatu ce ta hauro katanga da wasu mata suka janye su. Kafin la'asar Mariyamu ta yi ɓarin ɗa namiji, ya cika siffa har da gashin kai, bai ko yi numfashi ba. Hajo ta yi kwana uku ba ta magana, ran na huɗu ta cika, hannunta cikin hannun Mariyamu. Jalo ya gaya wa masu ta'aziyya cewa tsohuwa santsi ya kwashe ta, ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa yana sharar hawaye. Washegari ya watso tsummokaran Mariyamu waje. Talatu, wadda ita ma ba ta da komai sai tukunyar ƙosai, ta ce, "Shigo, 'yar'uwa. Addininki naki ne, amma ba zan ga ana kashe ki in yi shiru ba."

Ranar ziyara ta zo. Mariyamu ta ɗauki tsohon zane ta naɗe ta ɗaura a cikinta, don kada Dogara ya gani zuciyarsa ta karye, domin cikin nan shi ne abin da yake tambaya kullum. Ta yi tafiya har ƙofar gidan yari da shi. A nan ta tsaya, ta dubi kanta, ta ce a ranta, ƙarya ce ta kawo mu nan, ba zan shigar masa da wata ba. Ta kwance zanen ta riƙe a hannu ta shiga.

Dogara ya dubi bakinta, ya dubi cikinta. Ta gaya masa duka, da ɗan, da Inna, da azarar. Ya kifa kansa a bango ya yi kuka irin wanda maza ba sa so a gani, ita ma tana yi, har mai gadi ya juya musu baya.

"Maigida," ta ce da ta iya magana, "jiya na buɗe littafin Baba, na karanta labarin Fir'auna, sai na rufe shi da fushi. An rubuta Allah ne ya taurare zuciyarsa. To in Allah ne ya taurare zuciyar Yaya Jalo, mu me muka yi? Ɗana me ya yi? Ina adalcin yake?"

Dogara ya share fuskarsa da bayan hannu. "Ban yi karatu kamar Babanki ba, ni magini ne. Amma ki sake dubawa, za ki ga wurare da aka ce shi Fir'auna da kansa ya taurare zuciyarsa, an yi masa gargaɗi ya ƙi, an sake ya ƙi. Kin ga in na murza tubali na ajiye a rana, ke kuma kin ajiye man shanu kusa da shi? Rana ɗaya ce. Man ya narke, tubalin ya ƙeƙashe. Haƙurin Allah haka yake, wani ya narkar da shi, wani ya busar da shi. Kuma Babanki ya taɓa karanta mana cewa waɗanda suka ƙi son gaskiya, a ƙarshe Allah yakan bar su su gaskata ƙaryar da suka zaɓa. Wannan shi nake ji wa Yaya tsoro, fiye da bulala." Ya yi tari mai tsawo, ya kama hannunta. "Kada ki bar zuciyarki ta zama tubali, Mariyamu. Ita kaɗai ta rage mini."

Ɗakin Talatu katanga ɗaya ce tsakaninsa da ƙofar gidan Jalo, don haka a idon Mariyamu aka yi ginin. Ta ɗauka zai sauya azarar a ɓoye, kowa ma da hankali haka zai yi. Wata rana da azahar ta ji Ƙasimu a bayan katanga yana magana ƙasa-ƙasa: "Jalo, ka sauya su mana. Ni da kai mun san abin da muka jiƙa." Sai ta ji Jalo ya amsa da murya sake, ba alamar wasa: "Me muka jiƙa? Launi kawai muka ƙara musu. Na zauna na yi tunani, ai ba azarar ce ta faɗi ba, ɗaurin Dogara ne. Ni ko karan dawa na ɗaura sai ya shekara ɗari." Nan Mariyamu ta gane. Mutumin ya faɗi ƙaryar a kasuwa, ya faɗa a gaban alƙali, ya faɗa a zauren ta'aziyya, har ta kai yanzu shi ne mutum na farko da ya yarda da ita.

Soro ya tashi, ga zane a goshinsa, ga zanko huɗu, ana tsayawa kallo. Ruwan farko da aka yi, sai wani shuɗin layi ya gangaro daga rufi ya bi bangon ciki har ƙasa. Jalo ya ce tsuntsu ne ya ci 'ya'yan itace, ya shafe da farar ƙasa. Bayan mako uku gara ta ja hanyarta a jikin bakan gizo, ya kankare da wuƙa ya ce garar bana ta yi yawa ko'ina. Da damina ta yi nisa, tsaga ta fito a tsakiyar rufin wadda yatsa ke shiga, ya cusa laka. Mariyamu tana jin muryoyin 'ya'yansa mata uku suna wasan gaɗa a cikin soron. Wata zuciyar ta ce mata ta yi shiru, ai faɗuwar soron nan ita ce fitar mijinta. Ta kwana biyu tana kokawa da wannan tunani, ta ji tsoron kanta. Ran na uku ta tare Jalo a ƙofar gida ta durƙusa.

"Yaya, don Allah ka fitar da yaran nan. Ka rushe shi da hannunka, ba sai ka ce komai ga kowa ba. Na yafe haƙorana, na bar maganar ɗana ga Allah. Kada a sake ɗaukar wata yarinya cikin zane."

Amsar da ya ba ta mari ne wanda ya fasa mata kunnen dama, bai sake jin sauti ba har ta mutu. Sannan ya murɗe mata hannu ta baya har ya goce, ya jefar da ita cikin kwata. "Baƙin ciki zai kashe ki, mayya. Ran Jumma'a zan tara dattawan unguwa a cikinsa, har da Malam Zailani, su ci tuwo su ga abin da ake kira gini."

Kwana uku ana ruwa ba ɗaukewa kafin Jumma'ar nan ta watan Agusta. Bayan an sauko daga masallaci dattawa suka cika soron, mutum wajen ashirin, an shimfiɗa tabarmi, 'ya'yan Jalo suna shigo da akusa. Mariyamu tana tsaye cikin ruwa a waje, hannunta rataye da tsumma, sai ta ga indararon soron yana zubar da ruwa shuɗi kamar an tuntsurar da marina. Ba ta san lokacin da ta yi abin da mace ba ta yi ba, ta faɗa tsakiyar taron maza.

"Ku fita! Don girman Allah ku fita!"

Jalo ya zabura ya shaƙe ta ya haɗa kanta da bango. Wasu suka tashi rabo, wasu na cewa a fitar da mahaukaciya. Cikin wannan hayaniya Malam Zailani ya ɗaga hannu. Fuskarsa ta sauya. Ya ji wata 'yar ƙara daga sama, ƙas... ƙas... ƙarar da ya ji sau ɗaya a rayuwarsa, yana alwala a tsakar gida, 'yarsa tana shara.

"Kowa ya fita," in ji Malam. "Na san wannan ƙara. Ku ɗauki yaran."

Aka yi waje ana ture juna. Mariyamu ta suri ƙaramar 'yar Jalo da hannunta mai lafiya ta fito da ita. Jalo kaɗai ya rage a tsakiyar soron, idanunsa jawur. Malam ya tsaya a bakin ƙofa yana kiransa, Ƙasimu yana roƙonsa yana kuka, matarsa tana kururuwa daga cikin gida. Mariyamu ma ta juyo ta ce, "Yaya, taku uku ne kawai... ka fito." Taku uku ne kuwa tsakaninsa da ƙofa. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya yi dariya, ya ɗauki sandar wani dattijo ya ɗaga sama.

"Matsorata. Mace ta kore ku daga tuwo. Ku ga azarar Jalo."

Ya doki bakan gizo da sandar. Sau ɗaya ya doka.

Da ƙura ta lafa aka shiga tono da hannu da fartanya. An same shi da rai, bayansa ya karye, wata azara ta tsage ta shige masa cinya. Ko'ina karyayyun azara ne, bayansu baƙi, cikinsu fari fat, ruwan sama yana wanke su yana gangarawa shuɗi ta tsakanin ƙafafun dattawa. Malam Zailani ya tsuguna ya ɗauki guda, ya sa farce, farcen ya nutse. Ƙasimu ya zube a gabansa cikin taɓo ya faɗi komai, da jiƙon azarar, da shaidar zur, da yadda Hajo ta mutu, yana marin kansa yana cewa a kai shi gaban alƙali.

Malam ya sunkuya kan Jalo ya ce, "Jalo, lokaci ya ƙure. Ka faɗi gaskiya ka nemi gafarar Ubangijinka."

Mariyamu ta matso, ta ɗebi ruwa a tafinta ta goge masa ƙasar da ta cika masa ido, tana addu'a a ranta ko sau ɗaya zuciyar nan ta narke. Jalo ya buɗe ido ya dubi farin itacen da ke cikin cinyarsa. Leɓunansa suka motsa.

"Azarata... lafiya take," ya ce. "Ɗaurin Dogara ne."

Dogara yana gidan yari wata goma sha ɗaya, ko ƙwayar ƙasar soron nan bai taɓa ba. Wannan ita ce maganar Jalo ta ƙarshe a duniya. Dattawa suka ja da baya suna salati. Malam Zailani ya ce a hankali, "Mun karanta labarin Fir'auna, amma yau na gan shi da idona." Mariyamu ta yi kuka a wurin, kuma ba na murna ba ne.

Ba a yi mako biyu ba aka sake zaman shari'a. Aka ɗaure Ƙasimu, aka wanke Dogara. Ranar da za a sake shi, Malam Zailani ya tako da ƙafa tun daga Limancin Kona, almajiransa manya na biye, ya tsaya a ƙofar gidan yari. Aka fito da Dogara a kan wuyan mutum biyu, ƙashi da fata. Tsohon malamin da ake durƙusa wa ya cire takalmansa ya tsuguna a gabansa.

"Ɗana, ka shiga ƙarƙashin rufi don 'yata, ni kuma na tsaya ina kallo ana taka ka. Matarka ta kawo mini gaskiya har ƙofa na kore ta. Ku yafe mini."

"Tashi, Baba," in ji Dogara, hawaye na bin kumatunsa. "Kai ma 'ya ka rasa. Da na yi sauri kaɗan..."

A Wusasa aka yanke ƙafar daga gwiwa, amma tarin ya warke, ran ya tsira. Gidan Ƙofar Jatau ya dawo hannunsa, bai kori matar Jalo da 'ya'yanta ba, Mariyamu ce ma take yi musu kitso. Da rani ya zo Malam ya ce ba wanda zai sake ɗaga masa soro sai Dogara. A zaune bisa kujera ya yi aikin, yana nuna wa magina da sanda, kuma duk azarar da aka kawo sai an ajiye ta a gabansa ya sa wuƙa ya ga cikinta.

A daminar da ta biyo Mariyamu ta haifi 'ya mace. Ran suna Malam Zailani ya aiko da rago, ya kuma zo da kansa, ya zauna a zaure tare da mutanen majami'a da suka zo daga Wusasa. Aka miƙo masa jaririyar, ya tambayi sunan da aka sa mata. Dogara ya dubi ƙofar cikin gida, inda Mariyamu take tsaye a bayan labule, ta karkato kunnenta mai ji.

"Uwarta ce ta zaɓa, Baba," ya ce. "Ummukulsum."

Tsohon ya rungume yarinyar a ƙirjinsa, hawayensa na ɗiga a kan zanen goyonta, ana ta ruwa a waje, kuma ba wanda ya ɗaga kai ya dubi rufi.